Duwatsun Murhu Uku: Iyo, Keke da Gudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora da sassafe, inda hanyar Tudun Wada da Jos ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya, ya ga yadda mutanenmu suke da ƙarfin ƙafa. Ga dattijo ya ɗaure buhun masara a bayan keke yana tuƙawa tun daga wani ƙauye na ƙasar Kiru. Ga mata da tallan nono sun tako tun assalatu. Ga 'yan makaranta suna sheƙawa da gudu don kada su makara. Ba wanda yake kiran wannan wasa, neman abinci ne. Amma a wasu ƙasashe akwai mutanen da suke biyan kuɗi mai yawa domin su sami irin wannan ƙarfi, har su shiga wata gasa wadda ake kira tirayatalon, wato tsere uku a haɗe: mutum ya yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, ba hutu a tsakani.

Mun ɗauko zancen wannan gasa a wannan wata ba domin muna so kowane maigida ya bar gona ya zama ɗan tsere ba. Dalilinmu shi ne, yadda masu wannan gasa suke horar da kansu yana da abin koya mana, musamman a kan abu guda wanda yawancin gidajenmu suka yi wa sakaci.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1974 aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, zamanin Gwamna Audu Bako, bayan an fara aikin a 1971. Kogin Kano da aka tare ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178. A cikin wannan shekara kuwa, ranar 25 ga Satumba, waɗansu 'yan ƙungiyar gudu a birnin San Diyego na Amurka suka shirya tsere wanda ya haɗa gudu da keke da iyo. Mutum 46 suka shiga. Daga nan ake ƙirga farkon gasar a irin yadda aka san ta yau. Ashe tafkinmu da gasar tsara ne.

Bayan shekara huɗu abin ya ƙara girma a ɗaya daga cikin tsibiran Hawai. Gardama ce ta tashi tsakanin 'yan wasa: wa ya fi juriya, mai iyo, ko mai keke, ko mai gudu? Wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy, suka kawo shawara a haɗa manyan tsere uku na tsibirin a rana ɗaya: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, sa'an nan gudun famfalaki kilomita 42. Ranar 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka fara, 12 suka gama. Gordon Haller ne ya zo na ɗaya, cikin awa 11 da minti 46. Wannan ita ce gasar da ake kira Ironman. Daga baya aka kafa hukumar wasan ta duniya a Faransa a 1989, kuma aka shigar da shi wasannin Olamfik a birnin Sidni a 2000, da tsawon da ya fi sauƙi: iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Akwai kuma gajere na masu koyo, iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu 5.

A lura, yanzu da iyo ake farawa. Dalili a fili yake. Wanda ya gaji a kan keke sai ya sauka. Wanda ya gaji da gudu sai ya zauna a gindin itace. Amma wanda ya gaji a tsakiyar ruwa ba shi da wurin zama.

Dutsen da ya rage mana

Kowace uwargida ta san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Masu wannan gasa ma haka suka gane. Mutum ba ya cin tseren da abin da ya fi iyawa kaɗai, sai ya gyara wanda ya fi rauni a kai. Shi ya sa mai horarwa yakan ce wa gwanin keke ya rage hawan keke ya koma ruwa, ko da ransa ba ya so.

To, mu a wannan yanki muna da dutse biyu. Tafiya da gudu mun gada. Keke kuwa ya daɗe a cikinmu, ko da yake babur yana nema ya kore shi, har ya kai saurayi ba ya iya zuwa bayan gari sai an ɗauke shi. Na ukun ne babu. A cikin gida guda mai mutum goma, sau da yawa da ƙyar za a sami biyu da suka iya iyo na gaske, ba irin na fantsama a bakin rafi ba. Ga shi kuwa ruwa ya kewaye mu: Tiga, tafkin Bagauda, kogin Kano da ya ratso dajin Falgore, magudanun noman rani, da kududdufai waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini ko ta hanya, waɗanda damina takan cika su fal.

Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, sa'ad da kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wannan shekara ta 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba, kuma in an gwada da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace shan wannan masifa. Lissafi ne mai nauyi, amma wanda ya taɓa tsayawa a bakin kududdufi ana laluben yaro da gora bai bukaci lissafi ba.

Akwai kuskure guda da ya kamata mu kawar. Mutane suna tsammani mai ƙarfi ba ya nutsewa. Ba haka ba ne. Manomin da zai wuni yana huɗa da garma, in ka jefa shi ruwa mai zurfi, kafin ya yi mita 50 numfashinsa ya ƙare. Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800, saboda haka duk wanda ya yi kokawa da shi, shi zai sha kaye. A ƙasa mutum yana numfashi yadda ya ga dama, a ruwa kuwa sai ya koyi fitar da iska ta hanci da baki fuskarsa tana ciki, ya juya kai ya shaƙa, ya mayar. Wanda bai saba ba yakan ɗaga kai sama don tsoro, da zarar kai ya tashi ƙafafu su nutse, sai ya shiga dukan ruwa, ƙarfinsa ya tafi a banza. Manyan 'yan gudu da yawa sun sha kunya a ranar farko da suka shiga ruwa. Ƙarfin iyo daban ne, a cikin ruwa ake samunsa, kuma in an daɗe ba a shiga ba yana raguwa da sauri. Shi ya sa masu horo suke cewa gara minti 20 sau uku a mako da awa guda sau ɗaya.

A ina za a koya?

Nan ne wahalar take, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Ruwan da ya fi kusa da mu shi ne wanda yake ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wata ƙaramar katantanwa da take zaune a ruwa mara gudu, cikin ciyayi na bakin tafki da magudanai. Daga nan take fitowa ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Bayan watanni sai a ga jini a fitsarin yaro. A dā waɗansu suna ɗauka alamar balaga ce. Ciwo ne, kuma in an bar shi shekaru yana lalata mafitsara da ƙoda, yana rage jini, yana hana yaro girma da karatu. Yankunan noman rani na kudancin Kano sun daɗe da saninsa.

Sai uba ya ce, to, ai gara in hana su ruwa gaba ɗaya. Mun fahimci wannan, amma a ganinmu ba ya aiki. Yaro ɗan shekara tara a watan Afrilu, rana tana ƙuna, abokansa sun nufi rafi, wace bulala ce za ta tsare shi? Zai je a ɓoye, ba babba a kusa, bai kuwa iya ba. Ya kwaso tsargiyar, ya kuma sa ransa a haɗari.

Abin da ya fi shi ne a koya masa a ruwa mai tsabta in da hali. Wurin wanka na zamani wanda ake zuba wa maganin kashe ƙwayoyi ba ya ɗauke da tsargiya, sai dai irinsu a birni suke, kuma da kuɗi. Ruwan rijiya da na burtsatse ma ba su da ita. Makaranta, ko ikilisiya, ko unguwa, in sun haɗa hannu, suna iya gina kwarmin siminti wanda zurfinsa bai wuce ƙirjin yaro ba, a cika shi da ruwan burtsatse, a riƙa sauyawa, a kuma kewaye shi da shinge mai ƙofa, domin kwarmin da ba a kulle ba shi kansa tarko ne ga masu rarrafe. Inda ba a sami wannan ba, kuma yara sun riga suna shiga tafki, to, a zaɓi wuri mara zurfi, mara ciyayi, mai yashi, a nemi masunta waɗanda suka san ramukan ruwan su tsaya a kai. A hana kowa yin fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi, gama ta nan ne ƙwan cutar yake komawa. Sa'ad da ma'aikatan lafiya suka kawo ƙwayar maganin tsargiya makaranta, wadda ake kira praziquantel, kada a hana yara sha, a dai tabbata sun ci abinci tukuna. Wanda aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, kada a jira.

Ba sai yaro ya zama gwani ba. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa yake cin yara ƙwarai, an shirya koyar da su a tafkunan ƙauye cikin wani shinge na gora. Abin da ake nema ga yaro shi ne ya yi iyo mita 25, ya iya tsayawa a kan ruwa daƙiƙa 30, ya kuma san yadda zai ceci wani daga tudu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake zato, shiru yake yi, kuma duk wanda ya kama zai danne shi. Sau nawa muka ji an rasa biyu, wa da ƙane, don ɗaya ya faɗa ceton ɗaya? A koya wa yara su yi kururuwa, su miƙa sanda ko gora, su jefa igiya ko jarka wadda ba kome a ciki an toshe bakinta, su kuwa suna tudu.

Kada a bar 'yan mata a baya. Su ne suke zuwa wanki da ɗibar ruwa, su ne suke goye da ƙanne a bakin rafi. Mata manya su koya musu, a lokacinsu daban, da suturar da ta dace wadda ba za ta naɗe ƙafa ba. Zane a cikin ruwa haɗari ne.

Ranar da ba a iya fita

Turawa suna komawa ɗaki saboda sanyi da ƙanƙara. Suna da keken da ake ɗaurewa wuri ɗaya da injin gudu. Mu namu dalilan daban ne: ƙurar hunturu wadda take tayar wa masu asma da tari, zafin bazara da yakan kai awo 40, da ruwan Agusta da yake mai da hanya taɓo. A damina kuma kogi ba wurin koyon iyo ba ne sam.

Zafin nan kada a raina shi. A watan Satumba 2016, a Kozumel ta ƙasar Meziko, wani gwanin Ingila, Jonny Brownlee, yana kan gaba, saura 'yan mitoci ɗari ya gama, sai zafi ya buge shi, ya shiga tangaɗi kamar mashayi. Wansa Alistair, wanda ya ci zinariyar Olamfik sau biyu, ya bar neman nasara ya rungume shi, ya kai shi har layin ƙarshe, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya ci. In zafi ya yi wa irin waɗannan haka, ina ga wanda ya fita gudu da azahar a Tudun Wada? A fita da asuba, a sha ruwa, in jiri ya zo a tsaya.

A cikin gida ba a bukatar inji. Igiyar tsalle ta minti goma tana sa zuciya aiki sosai. Tsohon tub na keke, in an ɗaura shi a ginshiƙin rumfa, mutum ya sunkuya ya riƙa ja da hannu biyu zuwa cinyoyinsa, yana ƙarfafa naman kafaɗa da na baya waɗanda ake iyo da su. Hawa da sauka a kan turmin da aka kife, ko dakali, yana gina cinya domin keke. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na kwano: a cika babbar roba da ruwa mai tsabta, yaro ya tsoma fuska ya hura kumfa, ya juya kai gefe ya shaƙi iska, ya maimaita, babba yana zaune kusa. Rabin tsoron ruwa a nan yake mutuwa. In an gama a zubar da ruwan nan da nan saboda ƙanana.

Iyayenmu mata za su yi dariya, su ce mu da muke daka da surfe da jan guga, wane tub za a nuna mana? Gaskiyarsu. Masu bukatar wannan su ne malamin makaranta, da mai shago, da tela, da direba, da ɗan acaɓa, waɗanda suke wuni a zaune, su ne kuwa hawan jini da ciwon sukari suke yi wa sallama tun suna da sauran ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Amma a tuna, horon ɗaki taimako ne kawai. Ba wanda ya taɓa koyon iyo a tsakar gida.

Wajen raba mako, masu gasar suna bin ƙa'ida mai sauƙi. Kowane ɗaya cikin ukun a taɓa shi sau biyu, wanda aka fi rauni a kai sau uku. Yawancin horon a yi shi a hankali, yadda mutum zai iya hira da abokinsa yana tafe, mai tsanani kaɗan ne. Kada a jera kwana biyu masu wuya. A ƙara tsawo kaɗan kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. Wani lokaci a sauka daga keke a yi ɗan gudu nan take, domin ƙafa ta saba da nauyin da takan ji, kamar an ɗaura mata dutse. A bar rana guda ta hutu, gama a cikin hutu ne jiki yake ginuwa, mu kuwa Lahadi ta riga ta tanada mana wannan. Lokacin shuka da girbi gona ta isa horo, sai a rage sauran. Mai keke ya guji babbar hanya saboda manyan motoci, ya bi hanyoyin ƙauye, kada kuma ya shiga dajin Falgore shi kaɗai. Wanda ya wuce shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon ƙirji, ya ga likita kafin ya fara.

Abin da yake tashe mutum da asuba

Farawa ba wuya. Mako na uku ne mai wuya, sa'ad da sanyi ya sauko, bargo ya yi daɗi, maƙwabta kuma suna cewa wane ya haukace, yana gudu ba abin da ya kore shi. Mun ga dabaru suna taimako: aboki wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa, ɗan littafi da ake rubuta abin da aka yi kowace rana, da buri ƙarami mai ranar cikawa, misali a ce kafin Kirsimeti kowane yaro a gidan nan zai iya kwanciya rigingine a kan ruwa. Tsufa ma ba hujja ba ne. Sista Madonna Buder, wata 'yar zuhudu Ba'amurkiya, ta fara gudu tana da shekara 48, ta kuma gama Ironman a Kanada a 2012 tana da 82.

Amma labarin da ya fi zauna mana a rai na wani uba ne, Dick Hoyt, mutumin jihar Masacusets. An haifi ɗansa Rick a 1962 da lalurar ƙwaƙwalwa wadda ta hana shi tafiya da magana, sai da taimakon na'ura yake bayyana abin da yake so. A 1977 yaron ya roƙi ubansa su shiga wani tseren mil biyar da aka shirya don taimakon wani ɗan wasa da ya shanye. Uban ba ɗan gudu ba ne, amma ya tura keken guragun har ƙarshe. Da aka zo batun tsere uku, sai ga matsala: Dick bai iya iyo ba, kuma rabonsa da keke tun yana yaro. Ya koya, yana da shekara fiye da 40. A ruwa yakan ɗaura igiya a jikinsa ya ja ɗansa a cikin ƙaramin kwalekwalen roba, a keke ya zaunar da shi a kujerar gaba, a gudu ya tura shi. Haka suka gama Ironman na Hawai a 1989, suka kuma shiga tsere fiye da 1,000 tare. Uban ya rasu a 2021, ɗan a 2023.

A nan ƙasarmu lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kai amfanin gona gida, koguna suka janye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a yi aikin roba da tub a tsakar gida, iyaye maza kuma su zauna da malaman makaranta da masunta a kan wurin da za a koyar. In bazara ta shigo, ruwa ya yi ɗumi, a shiga da yara bakwai ko takwas a lokaci guda, da manya biyu da suka iya, da gora da jarka a ajiye a bakin ruwa. Akwai wajen mako goma kafin ruwan Yuni ya fara cika kududdufai.